An gayyace ni cin abinci a gidan meze, me zan ci?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata uku ke nan da zuwana karatu Atina, babban birnin Girka. Malaminmu ya gayyaci duk 'yan ajinmu cin abinci daren Juma'a a unguwar Psiri, a gidan meze, irin gidajen da ake jera ƙananan farantai a tsakiyar tebur kowa yana ɗiba, ga giya a gefe. Ni kaɗai ce Musulma. Ina jin nauyin ƙin zuwa, kuma ina tsoron in ci abin da bai halatta ba. Don Allah a ba ni shawara.

Wata 'yar uwa daga Tasalonika, wani birni a Girka: Wa alaikumus salam ƙanwata. Kwantar da hankalinki, rabin abin da za a kawo ganye ne da wake da man zaitun. Akwai tzatziki, kindirmo ne da kokwamba da tafarnuwa, ki dangwala da burodi. Akwai fava, wani wake rawaya da ake dafawa ya yi laushi kamar fate. Akwai spanakopita, alayyahu da cuku a cikin ɓawo mai ƙaras-ƙaras, wannan kam ni ko kullum a ba ni. Dolmades kuwa ganyen inabi ne aka naɗe shinkafa a ciki, amma ki tambaya, wasu suna sa niƙaƙƙen nama. Wanda ba nama shi ake kira yalantzi.

Kofin giyar ba shi ne abin tsoro ba, tunda kina ganinsa da idonki. Tukunya ce abin lura. Keftedes, ƙwallon naman nan, sau da yawa ana haɗa sa da alade. Souvlaki (tsirensu) da loukaniko (tsiran-alade) ma galibi alade ne a nan. Kifin nan mai hannu takwas in an ce krasato, da giya aka dafa shi, ki nemi gasashshe. Jatan lande na saganaki ma wasu suna zuba masa uzo, wata irin giya. Ki riƙe kalma biyu: hirino alade, krasi giya. Ki nuna faranti ki tambaya, ba mai jin haushi.

Wani malami a cikin rukuni: 'Yata, ana ta maganar faranti an manta da teburin. Akwai hadisin da ya hana mumini zama a teburin da ake zagayawa da giya. Ni dai da za ki ji tawa, ki ba malaminku haƙuri, ki gayyace su shan gahawa da rana. Girkawa ai sun fi kowa son zaman gahawa.

'Yar uwar Tasalonika: Gaskiya ne Malam, ban musa ba. Ita ta san halin da take ciki, ni abin da ke cikin tukunya kawai na faɗa mata.

Wani ɗan uwa: Ƙarin bayani kaɗan. Ba sa fara cin dare sai wajen ƙarfe 9 ko 10, kuma zaman yakan kai tsakar dare, ki san yadda za ki koma gida. A ƙarshe mai gida yakan kawo kyauta, wani lokaci halawa, wani lokaci ɗan kofi mai kama da ruwa. Ba ruwa ba ne, tsipuro ne, giya mai ƙarfi! Ni sai da ƙamshin ya bugi hancina na ajiye.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Malam, na ji maganarka. Yanzu na tura wa malamin ajinmu saƙo na gaya masa gaskiya. Ya ce ba komai, akwai wasu biyu da ba sa sha, zai sa a ware mana gefe, ko kuma mu haɗu gahawa ranar Litinin. Zan kwana a kai. Yaya, yalantzi ɗin nan ana samunsa a kanti kuwa?

'Yar uwar Tasalonika: Har na gwangwani akwai, amma ki matsa masa lemon tsami.