Neman shawara: tafiyar mota da iyali daga Toronto zuwa Kalgari a farkon Nuwamba

Mai neman shawara, Toronto

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Allah ya buɗa mini aiki a birnin Kalgari da ke yammacin Kanada, kuma an ce in kama aiki a mako na biyu na watan Nuwamba. Niyyata ita ce in ɗauki maiɗakina da yaranmu biyu, babban mai shekara 6, ƙaramar kuma ba a yaye ta ba, mu tafi a motarmu, domin kuɗin jirgi haɗe da kuɗin aika mota da kaya ya fi ƙarfin abin da ke hannuna a yanzu. Taswira ta nuna mini kusan kilomita 3,400, kuma dole mu bi ta cikin Kanada tunda ba mu da bizar Amurka. Ni kaɗai ne mai tuƙi. Ina tunanin mu yi tafiyar cikin kwana uku, in riƙa haɗawa da dare lokacin da yaran suke barci, kuma tayoyin da ke motar irin na kowane yanayi ne. Ina roƙon waɗanda suka san hanyar nan su ba ni shawara tsakani da Allah.

Direban tirela, Winifeg

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya sanya albarka a sabon aikin. Wannan hanyar ita ce wurin cin abincina, saboda haka zan faɗa maka gaskiya kai tsaye: ka cire batun kwana uku da tuƙin dare daga zuciyarka. Nisan nan ya ninka Kano zuwa Legas fiye da sau uku, kuma fiye da rabinsa a cikin lardin Ontariyo kaɗai yake, inda hanyar ta fi wuya. Bayan ka wuce yankin Sudbury, yawancin hanya mai lamba 17 layi ɗaya ce ta zuwa, ɗaya ta dawowa, iyakar gudu kilomita 90 a awa, ga hawa da gangara da kwana a gefen tafkin Superior, ga mu manyan motoci a gabanka da bayanka. Kada ka yi gangancin wuce tirela sai ka iso inda aka ƙara layi na uku domin hakan. Ana sa allon sanarwa tun kafin a kai wurin.

Babban dalilin da ya sa nake hana ka dare shi ne dabbar dajin da ake kira mus. Namijinta yakan haura kilo 500, jikinta baƙi-baƙi ne, ƙafafunta dogaye, har ma idanunta sukan kasance sama da inda fitilar mota take haskawa, don haka ba ka ganin ƙyallinsu. Idan ƙaramar mota ta buge ta, ƙafafun take sharewa, gangar jikin kuma ta faɗo a kan gilashin gaba, daidai inda kai da maiɗakinka kuke zaune. Ta fi fitowa hanya da asuba da kuma bayan faɗuwar rana, kuma a watan Nuwamba rana tana faɗuwa da wuri, wajen ƙarfe biyar da 'yan mintuna.

Ka raba tafiyar kwana biyar. Ranar farko ka kwana a Sault Ste. Marie, ta biyu a Thunder Bay, ta uku a Winifeg, kowane zango kimanin kilomita 700 ke nan, wanda da yara zai cinye maka wunin gaba ɗaya. Daga nan sai Regina, kusan kilomita 570, sannan Kalgari, kusan 760. Ka kama ɗakunan otal tun kana Toronto, ka kuma ajiye kwana ɗaya na rara, domin iskar da ke tasowa daga tafkin takan kawo dusar ƙanƙara har 'yan sanda su rufe hanya tsakanin Sault Ste. Marie da Wawa. Kowace safiya ka duba shafin 511, wato shafin intanet mai bayanin halin da hanyoyi suke ciki, na lardin da kake ciki kafin ka tayar da mota. Mai kuma, da zarar tanki ya kai rabi ka cika, domin tsakanin Sault Ste. Marie da Wawa akwai kusan kilomita 230 da gidajen mai ba su da yawa, wasu ma sukan rufe idan kakar 'yan yawon buɗe ido ta wuce.

Tayoyi kuwa ba abin tattalin kuɗi ba ne. Robar tayar kowane yanayi tana taurarewa idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7, sai birki ya ƙi kamawa a kan lokaci. Ka sa na hunturu duka huɗu, masu tambarin dutse da ƙwayar ƙanƙara a jiki. Ko ba don tafiyar ba, za ka buƙace su a Kalgari.

Wata uwa, Regina

Malam, ni dai hankalina yana kan jaririyar. In da hali, ko rance ne ka ci ka sa maiɗakinka da yaran a jirgi, tafiyar awa huɗu ce, kuma yaron da bai kai shekara 2 ba a cinyar uwarsa yake zama. Sai ka nemi wani ɗan'uwa mai lasin ya raka ka a motar ku riƙa karɓar juna. Idan kuwa hakan ba zai yiwu ba, to a riƙa tsayawa duk bayan awa biyu, kuma kada a ciro yarinya daga kujerarta don a ba ta nono mota tana tafiya, komai kukan da za ta yi. A cire wa yara rigar sanyi mai kauri kafin a ɗaure su da bel, domin kaurin rigar yana hana bel ɗin kama jiki; bargo ake lulluɓa musu daga sama. Ku yi guzuri daga Toronto, dambun nama da soyayyen nama da dafaffen ƙwai da shayi a filas, saboda a ƙananan garuruwan arewacin Ontariyo samun naman halal yana da wuya.

Ɗalibi, Thunder Bay

Yaya, ina ganin ya kamata a ambaci hanya mai lamba 11, wadda take bi ta North Bay da Cochrane da Hearst. Ta fi shimfiɗa, babu hawa irin na Montreal River da ke kan hanya ta 17, kuma ta yi nesa da tafkin. Ita da ta 17 suna haɗuwa a Nipigon, inda gada ɗaya tak ta haɗa gabashin ƙasar da yammacinta ta mota, wadda da ta samu matsala a Janairun 2016 sai da zirga-zirga ta tsaya cik na wani lokaci.

Direban tirela, Winifeg

Gaskiya ne ɗana, mu masu kaya da yawa mun fi son ta 11 saboda shimfiɗarta. Amma ga mai iyali a ƙaramar mota ban ba da shawararta ba, domin tsakanin Hearst da Longlac akwai fiye da kilomita 200 na daji zalla, sabis ɗin waya kuma yana ɗaukewa a wurare da dama. Ya riƙe ta a matsayin mafita idan an rufe ta 17, kuma ya yanke shawara tun kafin ya bar Toronto.

Malamin Islamiyya, Edmonton

Allah ya kai ku lafiya. Tafiyarku ta wuce mil 48 da malamanmu na Malikiyya suka ƙayyade, don haka za ku yi ƙasaru daga lokacin da kuka fita daga gine-ginen Toronto, kuma akwai sauƙin haɗa Azahar da La'asar a tsayawa ɗaya. Da kun shiga Kalgari da niyyar zama sai ku koma cikawa. Ku lura cewa agogo zai koma baya da awa biyu kafin ku isa, sauyin farko kuma yamma kaɗan da Thunder Bay yake. Alƙibla a Toronto arewa maso gabas take, kuma tana ƙara karkata zuwa arewa gwargwadon yadda kuke nausawa yamma, saboda haka ku riƙa dubawa a kowane masauki.

Wani dattijo, Kalgari

Ɗana, muna maraba da ku. Daga lardin Manitoba, inda Winifeg take, zuwa nan kusan duk hanyar tagwaye ce, miƙaƙƙiya, ana gudu har 110, amma haɗarinta gyangyaɗi ne da kuma iska mai kwaso ƙanƙara ta shimfiɗa a kan kwalta. Idan ka ga kwalta tana sheƙi kamar jiƙaƙƙiya alhali ana tsananin sanyi, ka ɗauke ƙafa daga totur a hankali, kada ka taka birki da ƙarfi. Ka kai motar wurin bakanike ya gwada batir, ya zuba ruwan wanke gilashi wanda ba ya daskarewa, ka kuma sa shebur da tocila da wayar tayar da batir da barguna a inda hannu zai kai, ba ƙarƙashin akwatuna ba. In ƙaddara ta sa kuka maƙale, ku zauna cikin motar, ka share ƙanƙarar da ke bakin salansa kafin ka kunna inji, domin hayaƙin da ya dawo ciki yana kisa ba tare da an ji warinsa ba. Bayan isowa kana da kwana 90 ka sauya lasin da lambar mota zuwa na lardin Albata, inda Kalgari take, kuma sai an yi wa motar binciken lafiya kafin a yi mata rajista.

Mai neman shawara, Toronto

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Mun tattauna da maiɗakina, ta zaɓi mu tafi tare, don haka mun tsayar da kwana biyar da ɗaya na rara, kuma gobe zan kai motar a sauya tayoyi. Abin da ya rage mini shi ne zangon Sault Ste. Marie zuwa Thunder Bay: idan tsaye-tsayen yara suka sa rana ta kusa faɗuwa ban isa ba, a ina ya dace in yada zango?

Direban tirela, Winifeg

Ka tashi da zarar gari ya waye sosai. Idan ka iso Marathon ƙarfe biyu ta wuce, to ka kwana nan ko a Terrace Bay da ke gaba kaɗan, domin daga Marathon akwai sauran kusan kilomita 300, kuma duka garuruwan biyu suna da otal da gidan mai. Ka kira otal ɗin Thunder Bay ka ɗaga kwananka tun kana inda sabis yake.