Tsuntsu ɗaya, suna biyu: masana sun rikice ne?

Malam Sani, Nima: Salamu alaikum jama'a. Ɗana da ke karatu a Jami'ar Ghana da ke Legon, Accra, ya nuna mini littattafai biyu a kan ɗan farin tsuntsun nan mai kamun kifi a bakin teku, mai baƙin kai da rawayan baki. Tsohon littafin ya ce Sterna albifrons, sabon ya ce Sternula albifrons. Ni a ganina masanan nan ba su da tabbas, canki-canka kawai suke yi.

Rabi'atu, Madina: Wa alaikumus salam Baba. Ba canki-canka ba ne. Sunan kimiyya kashi biyu ne, na farko na dangi, na biyu na tsuntsun kansa. Albifrons ɗin da masanin dabbobi Pallas ya sa masa tun 1764 yana nan daram, dangi aka sauya masa. A 2005 wani masani mai suna Bridge da abokan aikinsa suka gwada ƙwayoyin halittar tsuntsayen dangin Sterna, suka ga ƙananan cikinsu, irin wannan, reshensu daban ne, sun rabu da manyan tun da daɗewa. Shi ya sa aka ware su.

Malam Sani: To 'yata, shekara ɗari biyu da arba'in ke nan suna kan kuskure?

Rabi'atu: Da ido suke aiki a lokacin, Baba, gashi da baki da ƙafa suke dubawa. Kuma tun 1822 wani masani, Boie, ya kawo sunan Sternula, bai dai zauna daram ba sai da hujja ta zo.

Abdul Razak, Sabon Zango: Yaya Rabi, hujjarki ta zauna, amma ina bayan Malam a abu ɗaya. Sauya suna yana da wahala a aikace. Mai ƙirga tsuntsaye a bakin kogin Densu kusa da Accra yana da takardun shekaru da tsohon suna, yanzu dole ya riƙa haɗa biyu. Shi kuwa tsuntsun, wanda bai wuce santimita 25 ba, a kan yashi tsirara yake zuba ƙwai biyu ko uku. Kare ya bi, yara su kwashe. Wane suna ne zai hana wannan?

Alhaji Musa, Mamobi: Ni abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya daban ne. Baƙo ne fa daga Turai, me ya kai mu jayayya a kansa?

Rabi'atu: Ranka ya daɗe, ba duka ne baƙi ba. Akwai masu zuwa daga Turai idan sanyi ya kama can, akwai kuma namu na gida da ke hayayyafa a gaɓar Afirka ta Yamma. Masanin tsuntsaye Bannerman ya ba namun suna na uku a 1931, guineae. Razak, amsarka ke nan. Idan ba a bambance su ba, sai a ga tsuntsaye da yawa a Disamba a ce lafiya lau, alhali namu masu ƙwai a nan suna iya raguwa ba a sani ba. Haka wani irinsa na Amurka, a da ana lissafa shi ɗaya da wannan, yau Sternula antillarum ne, ƙidayarsa daban.

Abdul Razak: Na yarda da batun guineae. Na dangi kam har yanzu ban ga abin da ya ƙara wa mai gadin ƙwai ba.

Malam Sani: Ni ma da saura. Rabi, gobe in wani ya sake gwaji ya ga daban fa?

Rabi'atu: Sai ya kawo hujjarsa a auna, Baba. In ta fi ta 2005 ƙarfi, a sake sauyawa.