Anakizim da Hausa: me za mu kira ta?

Jama'a ku zo mu yi shawara kan kalmar nan anakizim. Jari-hujja ta zauna a bakin mutane, gurguzu ma ta zauna, amma ita wannan duk wanda ya tashi fassara sai ka ji ya ce "zaman kara zube" ko "hargitsi", kuma wallahi abin yana damuna don ba abin da masu akidar suke nufi ba kenan.

Asalinta Girkanci ne, wato babu mai mulki. Ba a ce babu tsari ba. Proudhon, wani Bafaranshe, shi ya fara kiran kansa da sunan a 1840. To daga baya ga Bakunin ɗan Rasha da suka yi ta kai ruwa rana da Karl Marx, jagoran 'yan gurguzu, a ƙungiyar ma'aikata ta duniya har aka kori shi Bakunin ɗin a taron Hague na 1872. Marx yana ganin ma'aikata su ƙwace gwamnati su yi aiki da ita, shi kuwa Bakunin yana ganin duk wanda ya hau kujerar nan ko lebura ne jiya to gobe shi ma danniya zai yi, gara a rushe kujerar gaba ɗaya. Kun ga kenan gurguzu ba za ta ɗauke su ba, faɗansu da 'yan gurguzu ma tsoho ne.

Na san inda "hargitsi" ta samo asali, kuma ba zan wanke su ba. Wasu cikinsu sun kashe shugaban Faransa Carnot a 1894, da sarkin Italiya Umberto a 1900, da shugaban Amurka McKinley a 1901, jini ne aka zubar ba wasa ba. Amma ku duba Sifen a 1936, ƙungiyarsu ta ƙwadago CNT mai mambobi sama da miliyan, a Basalona ma'aikata da kansu suke tafiyar da taragon cikin gari da masana'antu har da shagunan aski, a ƙauyukan Aragon kuma manoma suka haɗe gonaki suna noma tare suna yanke shawara a taro, kusan irin aikin gayya namu, sai dai nasu ya haɗa har da rabon amfanin gona. Wannan ai ba kara zube ba ne. Hutun 1 ga Mayu ma da muke yi yana da alaƙa da su, don rikicin Haymarket na Shikago a 1886 kan neman aikin awa takwas shi ya sa aka rataye huɗu daga cikinsu a 1887.

Wani ya kawo "ƙin mulki", amma ni a kunnena kamar an ba mutum sarauta ne ya ce ba ya so. "Tawaye" kuma ɗan tawaye sau da yawa kujerar yake nema wa kansa.

Tawa shawarar ita ce "akidar ba-hukuma", masu ita kuma 'yan ba-hukuma. Muna da 'yan ba-ruwanmu tun tuni a labaran rediyo, kunne ya saba da ginin, kuma hukuma ta haɗa gwamnati da kotu da ɗan sanda, duk abin da suke adawa da shi. Matsalarta ɗaya, kar a ji ta a ɗauka ana nufin dajin da hukuma ta gaza shiga, shi ya sa a rubutu dole a riƙa liƙa mata "akidar" a gaba. Malaman Hausa da masu fassarar labarai, ku gwada ta a jimla ku faɗa mana ko tana tafiya.