"Ingiza mai kantu ruwa": ta dace da masu kururuta yaƙi a Washington?

Malamin Hausa:
Assalamu alaikum. Karin maganar da na kawo yau ita ce "ingiza mai kantu ruwa". Kantu curin gishiri ne, irin wanda ayari ke kawowa daga Bilma, kuma wanda aka tura kogi da shi a ka, kafin ya haye dukiyarsa ta narke, alhali wanda ya tura shi yana tsaye a gaɓa, ko ƙafarsa ba ta jiƙe ba. Abin da ya tuna mini da ita shi ne wata cibiyar nazarin manufofi ta Amurka mai suna PNAC, wadda William Kristol da Robert Kagan suka kafa a 1997. A Janairun 1998 ta rubuta wa Shugaba Bill Clinton wasiƙa tana neman a kawar da Saddam Hussein, kuma a Maris na 2003 Amurka ta mamaye Iraƙi. Shin ba ingizawar ke nan ba?

Ɗaliba daga Zariya:
Allah ya gafarta Malam, ina da ja. Mai ingizawa a karin maganar ba ya shiga ruwa, amma cikin waɗanda suka sa hannu a wasiƙar akwai Donald Rumsfeld da Paul Wolfowitz, waɗanda a 2001 suka zama sakataren tsaro da mataimakinsa a gwamnatin George W. Bush. Mutanen da suka ba da shawara kuma suka zartar da ita da hannunsu, ta yaya za a ce suna gaɓa?

Dattijon Maraɗi:
'Yata, kin lura da kyau, sai dai ki tambayi kanki kantun wane ne ya narke. Makaman ƙare dangin da aka kafa hujja da su ba a same su ba, sojojin Amurka kusan 4,500 sun mutu, fararen hular Iraƙi da suka rasa rayukansu kuwa sun haura 100,000. Shi Wolfowitz a 2005 shugabancin Bankin Duniya ya samu, John Bolton da shi ma ya sa hannu ya zama jakada a Majalisar Ɗinkin Duniya a shekarar. Ko da sun shiga ruwan, ba da gishirinsu suka shiga ba.

Mai bibiya:
Ni abin da ya hana ni karɓar karin maganar Malam shi ne tana wanke mai kantu, tana mai da shi abin tausayi. Gwamnatin ba tura ta aka yi ba tana turjewa, domin tun Oktoban 1998 Clinton ya sa hannu a dokar da ta mai da sauya gwamnatin Iraƙi manufar Amurka, a Oktoban 2002 kuma majalisar dokokin Amurka ta ba Bush izinin amfani da ƙarfin soja. Da ni ne, zan ce "in ɓera da sata, daddawa ma da wari".

Malamin Hausa:
Na karɓi gyaran nan rabi. Taka ta raba laifi tsakanin cibiyar da gwamnati, amma ba ta ambaci wanda ya yi asara ba, tawa kuwa a kansa aka gina ta. Ke nan kuskurena shi ne ɗaukar gwamnati a matsayin mai kantu. Baba, in mutanen Bagadaza ne masu gishirin, su da ba su ɗauko shi zuwa bakin kogi ba, kana ganin har yanzu za a ce an ingiza su?