Inda ake fita yawo da kare a kewayen Bakewell

Da aka tambayi masu karnuka inda ya fi daɗin fita yawo kusa da Bakewell, garin kasuwa a yankin Peak District na Ingila, bakinsu ya kusa zuwa ɗaya a kan Monsal Trail. Tsohuwar hanyar jirgin ƙasa ce mai tsawon mil 8.5, a shimfiɗe take, ko tsohon kare ba zai galabaita ba. Tana ratsa ramukan da aka huda a cikin duwatsu, waɗanda aka buɗe huɗu daga cikinsu ga jama'a a 2011. Ciki akwai sanyi da danshi ko lokacin zafi. Masu karnukan dai sun ja kunne a kan masu kekuna, don sukan taho a guje ta baya.

Maganar igiya ce ta fi cin lokaci. A filayen da doka ta buɗe wa kowa, daga 1 ga Maris zuwa 31 ga Yuli dole a riƙe kare da igiyar da ba ta wuce mita 2 ba, saboda tsuntsayen da ke saka ƙwai a ƙasa. Kusa da tumaki kuwa, kullum ne. Amma in shanu suka biyo ka, ka saki igiyar, ai kare ya fi ka gudu.

Ranar Litinin kasuwar garin ke ci, wurin ajiye mota sai mai sammako.