Wane suna za mu ba wa carpal tunnel syndrome da Hausa?

Malaman harshe da ma'aikatan lafiya, ina neman shawararku a kan sunan wannan ciwo, domin mata ne suka fi fama da shi, kusan ninki 3 na maza, kuma da yawansu sukan baro wurin likita ba su riƙe sunan abin da ke damunsu ba.

A wuyan hannu akwai wata matsattsiyar kafa tsakanin ƙananan ƙasusuwa 8 da wani tantani mai tauri, inda igiyoyin tsoka 9 masu lanƙwasa yatsu suke bi tare da jijiyar ji guda ɗaya. Idan wurin ya kumbura, kamar yadda yakan faru ga mai juna biyu ko mai ciwon suga, sai jijiyar ta matsu, babban yatsa da manuni da na tsakiya da rabin na zobe su sage, ƙaramin yatsa kuwa bai san ana yi ba. Mace takan farka cikin dare tana yarfa hannu, da safe kuma ludayi ya suɓuce mata.

"Ciwon ramin hannu" fassara ce da ba ta gaya wa kowa komai. "Sanyi" kuwa shi na fi tsoro, saboda yakan kai mace ga shan maganin sanyi wata da watanni, har tsokar gindin babban yatsa ta fara motsewa, lokacin da sai tiyata. "Shanyewar hannu" tana firgita mutum a banza.

Ni dai na fi karkata ga "matsewar jijiyar wuyan hannu". Yana da tsawo, kuma jijiya a Hausa ta haɗa har da ta jini, amma wadda ta ji an ce matsewa ce za ta gane dalilin hana hannun lanƙwashewa da dare, da dalilin allurar sitiroyid mai rage kumburi, da kuma abin da ya sa na mai ciki yakan lafa bayan haihuwa.

Inda na tsaya shi ne sunan abin da ake ɗaurawa a hannun lokacin barci. Idan aka ce "ɗori", sai mace ta ce ita ba ta karye ba, ta ajiye shi. Ina ganin "matallafin wuyan hannu" ya fi. Masu duba mata a Sakkwato da Damagaram, da wane suna kuke kiransa?