Jarida da Sunan Soja: Abin da Aka Ba da Shawara

A tattaunawar da aka yi kan yadda rahotannin jarida ke shafar sunan soja, yawancin waɗanda suka tofa albarkacin bakinsu sun yarda cewa mutum ya fi riƙe babban kanun shafin farko, gyaran da aka buga a ƙasan shafi na 9 kuwa ba mai ganinsa. Shawarar da ta fi yawa ga sojoji ita ce su riga jita-jita magana. An kawo misalin Tudun Biri a Jihar Kaduna, inda jirgin soja marar matuƙi ya kai wa masu Mauludi hari a Disamba 2023: da rundunar sojin ƙasa ta amsa kuskurenta, shugabanta ya je ta'aziyya, zafin ya ɗan ragu. Mamaye ofisoshin jaridar Daily Trust da sojoji suka yi a Janairu 2019 kan labarin shirinsu na ƙwato garin Baga kuwa, ni a ganina, ƙara wa wuta fetur ya yi. 'Yan jarida kuma an ce su tuntuɓi kakakin soja kafin bugawa, su daina sa tsohon hoto kan sabon hari.